Tsatsa ta addabi bindigar farautata a Legas

Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai baki biyu, da lasisinta, wadda ba ta taɓa tsatsa a Kaduna ba, amma tun da na dawo unguwar Ajah a Legas, laima da iskar teku mai gishiri suke ɓata mini ita cikin mako biyu. Na goge ta da WD-40, man feshin nan na cire tsatsa, tsatsar ta dawo; na shafa man keken ɗinki, shi kuma ya tsiyaye cikin katakon gindinta har ya yi baƙi. Ina zargin jakar fatar da nake ajiye ta ciki, domin fata tana riƙe danshi. Don Allah, wane mai ne yake jure daminar nan, kuma yaya zan cire tsatsar ba tare da na kankare baƙin launin ƙarfen ba?