Ƙarfen kwatangwalon mama ya fara girgiɗi, wata 8 kacal da aiki

Ummu_Twins: Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Wata 8 kenan da aka yi wa mamanmu aikin canjin kwatangwalo, da farko lafiya lau, yanzu in ta tashi daga zaune cinyar ke mata ciwo sosai sai ta ɗan taka tukun ya lafa. An yi hoto likita yace ƙarfen ya saki. To ni abin da ban gane ba, ba cewa ake yana shekara 15 zuwa 20 ba? Tana da suga kuma.

NasNas: Wslm, Allah ya ba mama lafiya. Kinga wanda ke saki bayan shekaru da yawa, robar da ke cikin gaɓar da aka sa ce ke sudewa, ɓurɓushinta ya dinga cin ƙashi a hankali. Amma a wata 8 ba abin da ya sude. Ko dai tun farko ƙarfen bai kama ba, ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma ga mai suga ƙwayar cutar ake fara zargi, dan wani lokacin ba zazzaɓi ba ruwa a wurin ɗinki, ciwon kawai. Ku tambaya ko an yi gwajin jini na CRP da ESR (masu nuna alamar kumburi ko cuta a jiki), in sun hau sai a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba. Kar a shiga aiki na biyu ba a yi wannan ba wlh, dan in cuta ce aikin daban ne gaba ɗaya.

Dattijo77: 'Yata wane iri aka sa mata? Akwai mai siminti (wani simintin likitoci ne da ke manne ƙarfen da ƙashi) akwai mara siminti. Mara simintin ƙashi ne da kansa ke tsirowa ya riƙe shi, yana ɗaukar kamar sati 6 zuwa 12, in ƙarfen yayi wa ramin ƙashin kaɗan ko ƙashin yayi laushi irin na tsufa sai ya dinga motsi, tsoka-tsoka ta cike wurin maimakon ƙashi. Shi ya sa tsofaffi aka fi sa musu siminti. Taba, ƙiba, sikila, daɗewa ana shan maganin sitiroyid duk suna ƙara matsalar.

Ummu_Twins: Mara siminti ne Baba. Ko laifinmu ne da muka barta ta ajiye sanda da wuri?

NasNas: Ba lallai ba, da yawa washegarin aiki ake sa su takawa. Ki dai kai hoton farko da na yanzu a jera, a nan ake ganin ko ƙarfen ya nutse cikin ƙashin. Kafin nan ta koma kan sanda, a kuma daidaita sugan.