Shatar mota da direba na yini guda a Zanzibar: ina da ina za a iya kaiwa?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu wata mai zuwa za mu je Zanzibar ni da iyali, mu shida: ni da maiɗakina, da mahaifiyata wadda gwiwa ke damunta, da yara uku, ƙaraminsu shekara 4. A Stone Town, tsohuwar unguwar birnin Zanzibar, za mu sauka. Na ware yini guda na zagaya tsibirin, kuma ranar ta faɗo Juma'a. Abin da nake so mu gani: gonar kayan ƙamshi, biran dajin Jozani, tsibirin nan mai manyan kunkuru, sannan mu rufe da faɗuwar rana a Nungwi. Zai yiwu a yini ɗaya? Shatar mota da direba ta fi, ko in karɓi mota haya in tuƙa da kaina? Idan shata ce, me da me ya kamata mu tsayar da direba kafin in ba shi ko sisi?

Malam Na-Hanya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan jerin naka ba zai shiga yini guda ba, taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. A taswira Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, ƙarama ce, tsawonta wajen kilomita 85, amma wuraren da ka lissafa kowanne gabansa daban ya sa. Jozani na kudu maso gabas da gari, kamar kilomita 35. Nungwi na can ƙarshen arewa, kusan kilomita 60, tafiyar awa ɗaya da rabi idan hanya ta yi kyau. Daga Jozani zuwa Nungwi kuwa ka ƙiyasta awa biyu a zaune, don titunan hannu ɗaya-ɗaya ne, suna ratsa ƙauyuka, ga tuddan rage gudu, ga shingen 'yan sanda.

Tsibirin kunkurun, Changuu, wanda aka fi sani da Prison Island, cire shi daga lissafin mota gaba ɗaya. Kwalekwale mai inji ake shiga daga bakin Forodhani, lambun shaƙatawa na bakin teku a Stone Town, tafiyar kamar rabin awa. Idan ka haɗa shi da ranar shata, direba zai yini yana barci a mota kana biyansa. Ka ba shi wata safiyar daban. Haka shi kansa Stone Town: lunguna ne da mota ba ta shiga, da ƙafa ake yawonsa. Ka tambayi masaukinku inda mota ke iya tsayawa mafi kusa, galibi wajen tsohuwar ganuwar nan ta Ngome Kongwe kusa da Forodhani ne ko ɓangaren kasuwar Darajani, saboda Hajiya ta san tazarar da za ta taka.

Saura ka zaɓi ɗaya, arewa ko kudu.

Idan arewa ce: ku fita 8:00, ku fara da gonakin Kizimbani ko Kidichi, kamar kilomita 15 daga gari. A nan za ku ga kanumfari a bishiyarsa, da kirfa ana ɓanɓaro ɓawonta, da masoro yana naɗe da wata bishiyar, da citta da gangamau ana tonowa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. A Kidichi akwai wuraren wanka irin na Farisa da Sarki Sayyid Sa'id ya gina wa matarsa a 1850, leƙawa ce ta minti goma sha biyar. Daga nan sai Nungwi, inda har yau ake sassaƙa jiragen katako masu filafilai a bakin ruwa.

Idan kudu ce, wadda ni ita zan zaɓar muku saboda yara da Hajiya: ku fita 7:30, kafin titin fita gari ya cunkushe, ku isa Jozani wajen 8:30. Jan birin nan da babu irinsa sai a Zanzibar ya fi sakewa da safe, yana cin ganye a ƙananan rassa. Da rana ta take sai ya lafe, ga kuma motocin otal-otal sun cika wurin. Ma'aikacin daji ne zai raka ku, ba direbanku ba. Ba a ba birin abinci, ba a taɓa shi, ana barin tazarar mita 3. Bayan biran akwai gadar katako da aka shimfiɗa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, a miƙe take ba hawa ba gangara, Hajiya za ta iya. Hanyar cikin kurmin kuwa saiwoyi ne da duwatsu, ta zauna a inuwa ta jira ku. Daga Jozani ku wuce mararrabar Kitogani ku karya hagu zuwa Paje da ke bakin teku a gabar gabas, ƙasa da rabin awa. Zuwa da dawowa duka kilomita 100 ne da ɗoriya.

Faɗuwar rana kuma ba sai ka je Nungwi ba. Stone Town kansa yamma yake kallo. Ku dawo kafin 6:00, ku zauna a Forodhani, rana za ta faɗa cikin teku a gabanku, masu gashin kifi kuma suna jera tebura.

Direban Dogon Zango:

Alhaji, maganar tuƙi da kanka ka bar ta. A hagu ake tafiya, sitiyari a dama, abin da Najeriya ta bari tun 1972. Hannunka zai riƙa kai wa ƙofa yana neman giya, a shataletale kuma idonka zai duba ɓangaren da mota ba ta fitowa. Sannan lasinka kaɗai bai isa ba, sai an yankar maka takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, ita ake fara tambaya a shinge. Da iyali shida a mota, ba ranar koyon hannu ba ce.

Ga abin da za ka tsayar, kuma a rubuce ta WhatsApp, ba da fatar baki ba.

Mota tukuna. Ku shida da direba bakwai ke nan. Toyota Noah da Alphard su ne suka cika tsibirin a wannan aikin, za su ɗauke ku, amma idan an buɗe kujerun baya but ɗin ya zama ɗan mitsitsi. In akwai keken guragu ko kula babba ta abinci, nemi Hiace. Ka ce ya turo hoton motar da lambarta a jiki. Abin da ke yawan faruwa shi ne wanda ka yi ciniki da shi dillali ne, ba direba ba. Zai cire la'adarsa ya turo wani da wata motar, shi kuma wanda ya zo bai san abin da kuka yi da wancan ba. Saboda haka tambaya ta farko: kai ne za ka tuƙa? In ba shi ba ne, a ba ka lambar mai tuƙin, ka tura masa tsarin ya amsa da kansa.

Kuɗi na mota ne, ba na kai ba. Wasu za su faɗa maka farashi mai daɗin ji, sai da yamma ka ji ashe na mutum ɗaya ne. Ka rubuta: kaza, na mota ɗaya, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, da mai a ciki, da kuɗin ajiye mota a ciki. Ka tambayi nawa ne awa ɗaya idan kun zarce lokaci. Ka kuma tsayar da irin kuɗin, shilin Tanzaniya ko dala, in dala ce a kan wane canji, don a nan ake yanka mutum ba wuƙa. Kuɗin shiga Jozani da na gona ba sa cikin shata sai an faɗa. Ya fi ka biya da hannunka a bakin ƙofa ka karɓi rasit. Kafin alƙalami in an nema, kaɗan, ciko kuma sai an sauke ku da yamma. Wanda ya ce sai ka biya duka tun daren jiya don ya sha mai, ka nemi wani.

Da safe kafin kowa ya shiga, minti biyar: a kunna esi ka tsaya a kujerun baya ka ji ko iska na isa can, don a irin waɗannan motocin na baya ne ke fara mutuwa. Duba tayoyi da safaya da jak. Duba bel na kowace kujera, galibi an tura su ƙarƙashin kushin. Kujerar yaro ba a zuwa da ita sai ka nema tun da wuri. Duba allurar mai. In tana ƙasa, ya sha kafin ya zo, ba da lokacinka ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko takardun motar na ɗaukar baƙi sun cika. Motar gida da aka fito da ita neman na cefane ita ce ake riƙewa a shinge, ku zauna cikin zafi ana ja-in-ja. In an tsayar da ku, maganar tsakanin direba da ɗan sanda ce, kada ka sa baki, kada ka sa hannu a aljihu.

Sai kamasho. Direbobi da yawa na da shagon tsaraba da gidan abinci da gonar da ke ba su wani abu a kan kowane baƙo. Shi ya sa wani zai karɓi shata da araha, ya san inda zai fanshe. Ba haramun ba ne, amma lokacinka yake ci. Ka faɗa tun farko: ba tsayawa sai inda muka rubuta. 'Yan kamashon bakin tashar jirgin ruwa da na Forodhani, waɗanda mutanen gari ke kira papasi, wato kaska, kada ka ɗauki mota ta hannunsu. Ta masaukinka ya fi, ko da ya ɗan ɗara tsada, don in an samu matsala akwai wanda za ka riƙe.

Maman Husna:

Sannunku da ƙoƙari. Baban Ilham, abu uku ne ba a taɓo ba, kuma su ne ke ɓata wa mutane rana.

Agogon Sawahili. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya. 8 shi ne saa mbili. 12 na rana saa sita. Tazarar awa 6 ce cif. Direban da ya saba da baƙi ya san duka biyun, amma idan saƙo ya bi ta bakin mutum biyu sai a samu tangarɗa. Rubuta masa da lamba, 7:30, ka ƙara saa moja na nusu asubuhi. Kuma Zanzibar na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, a tabbata wayoyi sun juya.

Ruwa. A gabar gabas, Paje da Jambiani, teku na janyewa sau biyu a yini, ya tafi nesa ƙwarai ya bar fili, tsakanin cika da cika awa 12 da kusan minti 25, kullum kuma lokacin na matsawa da kamar minti 50. Wajen tsayuwar wata da tsakiyarsa, 1 da 15 ga watan Musulunci, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Idan yara wanka suke so, sai ka dace da cika. Idan ruwa ya janye kuma akwai abin kallo, mata na aikin gonakin ciyawar teku da suke kira mwani, amma a sa wa yara takalmin roba saboda wasu halittu masu ƙaya da ke cikin ramukan dutse. Ka nemi jadawalin ruwan ranar a intanet kafin ka tsara awanni, shi zai gaya maka ko Paje za a fara ko Jozani. A nan na ɗan saɓa wa Malam Na-Hanya: idan cikar ta faɗo da safe, gara a fara da teku a dawo ta Jozani wajen 3:00, biran na sake fitowa idan rana ta yi sanyi, sai dai a kula ana rufe dajin 5:00. Nungwi da Kendwa su ne ruwansu ba ya gudu sosai, shi ya sa masu otal suka cika can.

Salla. Direban kusan tabbas Musulmi ne, zai so Juma'a kamar yadda kake so, to ku sa ta cikin tsarin, rana na gotawa wajen 12:30. Akwai masallatai a Paje da duk garuruwan hanya. Alƙibla a can arewa ce, ba gabas ba, don Makka na sama da tsibirin kusan a miƙe. A gaya wa Hajiya tun kafin ta shimfiɗa darduma. Mafi yawansu Shafi'awa ne, za ka ji ana bayyana bisimilla a karatu. Ranar Juma'a shaguna da dama na rufewa da tsakar rana, ku sayi ruwa da abin taɓawar yara tun safe.

Ku riƙe tsabar kuɗi daga gari, na'urar cirar kuɗi ba ko'ina take ba. Takarda mafi girma ita ce shilin 10,000, a samu canjin 1,000 da 2,000 na ihsani.

Baban Ilham:

Allah ya saka da alheri, na gamsu, kudu za mu yi. Tambaya ɗaya: an ce akwai wani tsohon masallaci a Kizimkazi, zai shiga? Hajiya za ta fi son wannan a kan biri.

Malam Na-Hanya:

Zai shiga, amma sai ka rage zaman Paje. Masallacin na Kizimkazi Dimbani ne, a ƙarshen kudu. A jikin bangon mihrabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, yana cikin mafi daɗewa a gabar gabashin Afirka, ko da yake yawancin ginin da ake gani yanzu gyaran ƙarni na 18 ne. Ƙarami ne, kuma har yau ana salla a ciki, sai direba ya nemo mai kula da shi a nemi izini, musamman shigar mata, a kuma bar wani abu na sadaka.

Daga Jozani, maimakon ka karya hagu a Kitogani sai ka miƙe, kamar minti 40. Daga Kizimkazi a bi ta Makunduchi da Jambiani a ɓullo Paje, kusan awa guda, a koma gari ta Kitogani. Wannan zagayen ya fi na farko nisa sosai, don haka ka sa sunan Kizimkazi a cikin saƙon ciniki tun yanzu, in ba haka ba direba zai ce ƙarin mai, kuma da gaskiyarsa. Masu kwalekwale za su tare ku da tayin kai ku kallon kifin dolfin. Na sassafe ne, da rana asarar kuɗi ce. Ku bar Paje 4:30 komai daɗin wurin. Rana na faɗuwa tsakanin 6:15 da 6:45 duk shekara, duhu na biyo ta nan take, titin kuma cike yake da kekuna da amalanken shanu marasa fitila.