Baƙin mai ba ya hawa kan injin Golf 3 ɗina

Assalamu alaikum, iyayen gidana makanikai. Golf 3 gare ni, inji 1.8. Da safe tafet, wato abin da ke tsakanin kamshaf da bawul, na ƙara sosai, in motar ta ɗau zafi kuma fitilar baƙin mai sai ta riƙa ƙiftawa a sulo. Da muka buɗe murfin sama, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, kusan a bushe yake, har ya soma cinyewa. An sa sabon famfon mai, an wanke rariyarsa, an canja filta, an zuba 20W-50, amma shiru.

Makanikena ya ce a sayo kamshaf. To in mai ba ya hawa, ai sabon ma cinyewa zai yi. Hanyar mai ce ta toshe, ko metal, wato bearin na ƙasan inji, ne suka saki? Don Allah me zan fara dubawa kafin a sauke inji? Da motar nan nake ciyar da iyali.