Wai kalmar run ɗin nan ma'anarta nawa ne?

Ɗan Zengo:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu Ingilishi ku taimaka mini. Mu a kwalej mushe, wato malaminmu, ya ce mana run shi ne gudu, shi ke nan muka riƙe. To jiya wanda nake sarin kaya wurinshi a Kantin Kwari ya turo mini saƙo ta WhatsApp wai we have run out of shadda, wallahi gabana ya faɗi na ɗauka wani ne ya gudu da kayan alhali na riga na tura kuɗi, sai da na kira shi ya ce a'a ƙarewa ta yi. Kuma shi ɗin ne ke cewa ƙanenshi ke run ɗin shago. Ina gudu a nan?

Malamin Lise:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mushenku bai yi ƙarya ba, ƙofa ɗaya ya nuna muku a gida mai ƙofofi da yawa. A babban ƙamus na Oxford bugun 1989 kalmar set ce ta fi kowace yawan ma'ana, 430, da suka sake aikin run a 2011 sai suka ƙirga mata 645 a matsayin aikatau kaɗai. Inji in yana aiki run ne, ruwan famfo na zuba run ne, mai tafiyar da shago run yake, ɗan takara ma run for ake ce mishi. Ni abin da nake ce ma ɗalibaina kullum, kar ku hardace ta ita kaɗai, ku hardace ta da maƙwabciyarta, run out ƙarewa, run into karo da mutum ba zato, run over mota ta take abu.

Hajiya ta Birni:
Malam ai mu ma haka muke wahal da baƙi da ci. Ka ci tuwo, ka ci kasuwar Dole, ka ci bashi, yaro ya ci jarrabawa, a ci sarauta, a ci amana, a ci mutunci, wanne ne a ciki ya shiga baki in ba tuwon ba? Kuma babu ɗan Damagaram da ya taɓa rikicewa, don tun muna goye muke jin su a cikin magana.

Ɗan Zengo:
Na gode Malam, na gode Hajiya, misalin ci ɗin nan ya zauna mini sosai. Malam saura ɗaya, mutumin Kantin Kwarin nan ya taɓa rubuto mini I am running late ranar da muka yi alkawari a Kano, shi ma ba gudun ba ne ke nan?

Malamin Lise:
Ba gudu ba ne, cewa yake ya makara, ka ɗan jira shi.