Zaɓen inji marar kabon don kwale-kwalen tsere na rimot a zafin Sakkwato

Ɗalibin fasaha, Arkilla: Assalamu alaikum, manyana. Ina haɗa kwale-kwalen rimot mai tsawon santimita 75, mai gindi kamar harafin V, batirina 4S ne. An nuna mini inji biyu marasa kabon: 3660 mai KV 3180, da 3674 mai KV 2075. Hankalina ya fi karkata ga mai babbar lambar KV. Don Allah masu sanin aikin su sa baki kafin in tura kuɗi.

Mai naɗin kwayil, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. KV ba ƙarfi ba ne, yawan juyawar inji ne a minti ɗaya kan kowane bolt, in babu kaya a kansa. Kowane ɗakin batirin LiPo bolt 3.7 ne, ka ga 4S, wato ɗaki huɗu, ya zama 14.8. Ninka shi da 3180, za ka samu juyi sama da 47,000. Wannan ya wuce abin da farfela da shaf ɗinka za su ɗauka, injin zai zuƙe wuta ya toya kwayil. Mai 2075 kuwa zai ba ka kusan 30,700, kuma nan ake so: tsakanin 25,000 zuwa 35,000. Lambar jikin injin ma ka karanta ta. 3674 na nufin kauri milimita 36, tsawo 74. Dogon gwangwani ya fi ƙarfin murɗa farfela, ya fi kuma jure zafi. Ɗauki 3674.

Injiniya, Gawon Nama: Na goyi bayan malam. Yadda nake kasa su: kwale-kwale mai santimita 60 zuwa 65, inji 2860 ko 3660 a kan 3S, KV kusan 2,800. Mai 70 zuwa 80, inji 3674 a kan 4S. Mai 85 zuwa 95, inji 4074 ko 4082 a kan 6S, KV 1,400 zuwa 1,600. A tsere, inji mai juyawa daga ciki aka fi so, saboda gwangwaninsa a tsaye yake, ana iya sa masa rigar ruwa. Mai juyawa daga waje yana da ƙarfin murɗa, amma sai dai a sanyaya shi ta gindin da aka ɗaure shi, wannan kuwa bai isa ba a watan Afrilu.

In da hali ma, a hau 6S da ƙaramin KV. Wat 1,500 a kan 4S na jan amfiya kusan 100, a kan 6S kuwa kusan 68. Zafin waya da na ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, yana bin amfiya ne ninki kan ninki, kaɗan ka rage sai ka ga bambanci mai yawa.

Mai sana'ar sola, Mabera: Injiniya, lissahinka daidai ne, amma a dubi aljihun yaro da cikin jirgin. Wanga kwale-kwale mai santimita 75 bai da wurin batir 6S ba tare da nauyi ya danne shi ba. 4S ya ishe shi. Abin da ya fi damuna zahi ne. Waɗanda sunka rubuta shawarwarin da kuke karantawa, mafi yawansu a ƙasashen sanyi suke. Nan kuwa daga Maris zuwa Mayu rana na wuce digiri 40, ruwan gefen gulbi da ɗumi, cikin kwale-kwalen kuma a rufe yake ruf da salatif. Tun ba a ja maƙunnin rimot ba injin ya riga ya ɗau zahi. Don haka duk farfelar da aka ce ta dace, fara da wadda ke ƙasa da ita. Ga 3674 a kan 4S, fara da milimita 40, irin Octura X440. Yi gudun minti ɗaya, dawo, buɗe, auna inji da ESC da batir da bindigar auna zafi ta masu gyara. In inji bai kai digiri 60 ba, ƙara milimita 2 ka sake gwadawa. In ya haura 70, koma baya. Maganaɗisun neodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, kuma ba ya dawowa. Alamarsa, injin ya riƙa jan wuta fiye da da, yana zafi da wuri, gudu kuma ya ragu. Wanda ya kai nan babu gyara, sai sabo.

Mai gyaran famfon ban-ruwa, Kware: Ruwan da ke sanyaya injin ma abin dubawa ne. Da damina Gulbin Rima wajen Kwalkwalawa jajir yake da laka, ramin ɗibar ruwan da ke jikin wutsiyar tuƙi kuwa ɗan ƙarami ne, yashi ko ɗan ganye ke toshe shi. Ka fito da bakin tiyon fitar ruwa ta gefen da za ka hango shi daga gaɓa. Da ka ga ya daina tsartuwa, dawo da jirgin nan take. Ruwa ya fara bi ta ESC sannan inji, domin ESC ya fi saurin mutuwa, in kuma wutsiyar mai rami biyu ce, ba kowanne layinsa. Bayan wasa a tura ruwa mai tsabta da sirinji a wanke tiyon. A kuma guji inda kainuwa da bado suke, da inda masunta suka kafa raga. Ciyawa ta naɗe farfela amfiya ke tashi sama lokaci guda.

Mai naɗin kwayil, Runjin Sambo: Saura taimin, wato lokacin da ESC ke tura wuta cikin kwayil, wanda ke kashe inji da yawa a ɓoye. Duba takardar injin: in naɗin kwayil ɗinsa D ne, sa taimin a ESC tsakanin digiri 0 zuwa 5. In Y ne, 10 zuwa 15. Ka ba naɗin D babban taimin, zafi kawai za ka samu. ESC kuma ya zama na ruwa, mai amfiya 120 aƙalla, 150 ya fi kwanciyar hankali. Kada ka ƙara tsawon wayar batir, domin kafasitar ESC ke kumbura. In dole ne, ƙara wayoyin ɓangaren inji, su ukun daidai da juna.

Ɗalibin fasaha, Arkilla: Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. To shaf fa, yallaɓai? Kuma minti nawa batir 5000mAh zai yi?

Injiniya, Gawon Nama: Amin. Bakin injin 3674 milimita 5 ne, sai ka nemi maɗauri mai haɗa 5 da 4.76, wato shaf mai lanƙwasa na inci 3/16. Bar tazarar milimita 3 tsakanin abin da ke riƙe farfela da mazaunin shaf, domin shaf ɗin na tsukewa in ya ɗau kaya. Gwada juyawar injin kafin ka ɗaura shi. In ya juya baibai, sauya waya biyu cikin ukun, in ba haka ba shaf ɗin warwarewa zai yi. Kashe ribas a ESC, kuma kada ka ba shi cikakkiyar wuta a tudu.

Batir kuwa kashi 80 cikin 100 kawai za ka ci. In kana jan amfiya 80, minti uku ke nan. Saita ESC ya yanke wuta a bolt 3.4 kowane ɗaki, ka ajiye batir a inuwa kan bolt 3.8, ba cikin but ɗin mota ba. In an tashi, zare shaf ka goge ka sa giris, ka ɗiga wa boris ɗin inji mai, sannan ka bar murfin a buɗe har cikin ya bushe.