Don Allah a taimaka: laftof ɗina na cin minti 15 kafin ya harhaɗa manhaja

Baƙon Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rasa inda zan sa kaina. Shekara biyu ke nan da zuwana Legas, ina zaune wajen kawuna a Agege. Da rana ina taya shi lissafin kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, da dare nake koyon rubuta manhajar waya. Laftof ɗin ThinkPad T430 ne, na yayana marigayi, da shi ya yi karatu, mahaifiyarmu da hannunta ta miƙa min ranar da zan hau mota. Kawu ya ce in yi masa manhajar da za ta riƙe masa bashin 'yan sari, har ya faɗa wa abokansa a kasuwa, kullum sai an tambaye ni ina aka kwana. To duk na gyara layi ɗaya a Android Studio, inda nake rubuta manhajar, sai Gradle, mai harhaɗa abin da na rubuta ya zama manhaja, ya ci minti 12 zuwa 15. Fanka na ihu, linzami ya ƙi motsi, kafin ya gama an ɗauke wuta. Naira dubu 45 na tara. Me zan saya?

Malamar Obalende: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka. Ƙanena, ba ka faɗi RAM (inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai) nawa ke ciki ba, kuma ma'ajiyar fayilolinsa SSD ce mai sauri ko faifai mai juyawa?

Injiniyan Ikeja: Ba sai ya faɗa ba, na san injin nan ciki da waje. Na 2012 ne, yawanci furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, i5-3320M ke ciki, ƙwaya (sashen da ke yin aikin) biyu ce kawai a gudun 2.6GHz. Harhaɗa manhaja aikin furosesa ne, shi ke juya kowane layi zuwa abin da waya ke ganewa, kuma Gradle yana raba aikin ga ƙwayoyin da ya samu. Mai biyu ba zai kamo mai takwas ba ko me ka zuba masa. Sayar da shi, ka haɗa da kuɗinka ka ɗauki na zamani. Shekara goma sha ina wannan sana'a.

Baƙon Agege: Yallaɓai na gode, amma sayarwa ba ta taso ba. Hajiya, RAM 4GB ne, faifan kuma wanda ya zo da shi ne.

Malamar Obalende: To ga ciwon nan. Android Studio kansa 8GB yake nema mafi ƙaranci. Windows ta ɗauki nata, Gradle ya ɗauki nasa, idan RAM ya cika sai kwamfuta ta koma aron wuri a faifai, faifan nan kuma ya fi RAM nauyin jiki nesa ba kusa ba. Furosesanka ba gazawa ya yi ba, zaman jira yake. Buɗe Task Manager, tagar Windows da ke nuna yawan aikin kowane sashe, lokacin da Gradle yake aikin. In ka ga faifai a 100% furosesa kuma ƙasa-ƙasa, ka samu amsa. Injin nan na ɗaukar har 16GB na RAM irin DDR3.

Ɗan Idi-Araba: Ku dai yi hattara da RAM ɗin kasuwa. Bara na sayi 8GB wajen wani mai shago, ya rantse min sabo ne. Kwana uku allo ya fara yin shuɗi yana mutuwa. Na koma ya ce bai san ni ba. Kuɗin motar da na kashe tsakanin Mushin da Ikeja ya kusa kuɗin kayan. Har yau abin na ci min rai, mutumin da muka yi sallar azahar sahu ɗaya.

Mai Shayin Alaba: Ni SSD na sa wa nawa, rana ɗaya ya zama kamar sabo. Fara da shi kafin RAM.

Injiniyan Ikeja: SSD kunnawa yake sa sauri, ba harhaɗawa ba. In dole sai ya riƙe injin, furosesan T430 ana cire shi, ba a like yake ba. Ya nemi i7-3632QM mai ƙwaya huɗu, ya share ƙurar fanka, ya canja man sanyaya furosesa. Zafin Legas kaɗai ya isa ya sa injin rage wa kansa gudu.

Malamar Obalende: Injiniya, dubban ƙananan fayiloli ake karantawa ana rubutawa a kowane zagaye, ya za a ce faifai ba ruwansa? Ƙwaya huɗu kuma a kan 4GB ai ƙara masu cin tuwo ne a ƙaramar akushi. Ƙanena, kana gwaji da wayar cikin kwamfuta ne, wato ta kwaikwayo da Android Studio ke buɗewa a allo? Kuma kana danna Clean na Android Studio kowane lokaci kafin harhaɗawa?

Baƙon Agege: E, da ta cikin kwamfuta nake gwadawa, don wayata ce nake karɓar kiran direbobi da ita, ba zan ɗaure ta da kebul ba. Clean kuma dole ne, ranar da ban yi ba kuskure ya fito har na kwana ban yi barci ba. Chrome ma ba zan rufe ba, a nan darasin yake.

Malamar Obalende: Clean ɗin nan yana goge duk abin da aka riga aka harhaɗa, a faro daga farko. Kai kake mayar da aikin minti biyu ya zama na goma sha biyar.

Baƙon Agege: Hajiya na ji, amma ko farkon sa shi haka yake da nauyi, tun ban san Clean ba.

Injiniyan Ikeja: Ka ji ko? Na faɗa tun farko, furosesa ne. Kawo shi Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ranar Asabar in duba.

Ɗan Idi-Araba: In za ka je, kar ka bar shi ya kwana a hannun kowa.

Baƙon Agege: Asabar motocin Arewa ke sauka, Kawu ba zai sake ni ba. Yanzu dubu 45 ɗin, RAM ko SSD ko furosesan? Ɗaya kawai za su saya.