Wa ya taɓa zuwa kallon tsuntsaye a tafkunan bakin teku?

Malamin Lakwal: Salamu alaikum ƴan uwa. Hutun Disamba zan raka ƙanena Kwatano, kuma ina so in ware kwana biyu na kaina. Tun ina yaro nake zama bakin tafkin Madarunfa ina kallon kirinjijiya da zalɓe har a ce ba ni da aikin yi. An ce can akwai tafkuna manne da teku, tsuntsaye kamar ƙasa. Wanda ya je da ƙafarsa ya ba mu labari.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekaru ina bin hanyar Doso, Gaya, Malanbil, Paraku, amma sau ɗaya tak na shiga tafkin Nokuwe, shi ma don lodi ya yi jinkiri. A Kalabi ake hawa kwale-kwale zuwa Ganbiye, garin da aka kafa gidajensa bisa turaku cikin ruwa. Kuskurena biyu: na je da azahar, kuma na shiga jirgi mai inji. Ƙarar nan kaɗai ta kori komai. Na ga gari, na ga mata suna ciniki daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale, amma tsuntsu sai balbela, wadda ko bayan shanun Tibiri zan gan ta kyauta.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, ai kai yawon kasuwa ka je. Ni ɗiyata da ke karatu can ta tashe ni bayan asuba, muka samu mai tuƙi da gora. Mutanen wurin suna kafa rassan itace cikin ruwa su yi shinge, suna ce masa akaja, kifi ya taru ciki ya yi ƙiba. To kowane reshe da tsuntsu a kansa, suna jiran rabonsu. Akwai wani ɗan ƙarami mai baƙi da fari, dogon baki. Sai ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike wuri guda kamar an rataye shi da zare, kansa ƙasa, can sai ya faɗo tsulum ya fito da ɗan kifi, ya koma kan reshe yana buga shi da itace kafin ya haɗiye. Na kalle shi ya fi sau goma, shayina ya huce a hannu. Ɗan tuƙin ya ce kakanninsu, Tofinu, gudun masu kamun bayi na sarakunan Dahome ne ya sa suka shige ruwa.

Ɗan Gobir a Tema: Malam, in hanya ta taɓa kai ka Gana, akwai tafkin Sakumono tsakanin Akara da Tema, dab da titi. Babban kuwa shi ne na Keta, wajen iyakar Togo. Duka biyun suna cikin wuraren da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare dausayi. Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai, domin daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan cike da taɓo. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani baƙin zalɓe. Yana tafiya cikin ruwa mara zurfi, sai ya buɗe fukafukansa ya rufe kansa ruf kamar lema. Kifi ya ga inuwa ya shigo, shi ke nan. Na yi dariya har wani Bature mai madubin hangen nesa ya harare ni. Abin takaici, leda da ruwan kwata sun ci gefen tafkin sosai.

Tsohon Direba: To ku da kuka ga abin kirki, shamuwarmu fa? Na ɗauka can take zuwa in ta bar mu da kaka.

Malamin Lakwal: A'a Alhaji, shamuwa wucewa take yi can gabashi da kudancin Afirka, ta bi damina, sai bazara ta dawo ta yi sheƙa a kan itatuwanmu. Ba tsuntsuwar ruwan gishiri ba ce.

Ƴar Sabon Gari: Ni Garan Popo na je, yamma da Kwatano wajen iyakar Togo, inda kogin Mono ke shiga teku. Ruwan ya bi ta cikin wasu itatuwa masu saiwoyi a waje, tsaye kamar ƙafafun gizo, kaguwa na hawa da sauka a jikinsu. Shiru wurin, sai kukan tsuntsu da rurin teku daga bayan yashi. Shawarata Malam, ka gama ciniki tun kana tudu, a faɗi awa nawa da inda za a kai. Namu mai jirgin sai da muka yi nisa ya ce kuɗin zuwa ne kawai muka biya, dawowa jika biyar. Bamaraɗiya a tsakiyar ruwa, ko iyo ban iya ba, gardamar me zan yi? Ka kuma nemi rigar ceto kafin ka zauna, kada kunya ta hana ka.

Hajiya Mai Atamfa: Na manta: ka sa waya cikin leda ka ɗaure. Sauro kuma ba ya wasa da magariba. Wani abu, ruwan Nokuwe yana sauyawa. Bayan damina in kogin Weme ya cika, ruwan daɗi ne, wata ciyawa mai kama da kainuwa mai shuɗin fure ta toshe hanya. Da rani gishirin teku ya shigo ta mashigar Kwatano ya kashe ta.

Malamin Lakwal: Allah ya saka da alheri. Ke nan Kalabi da asuba, jirgin gora, ciniki a tudu. Madubin hangen nesa ne ba ni da shi. Hajiya, ki tambayar mini ɗiyar taki ko ana samun na hannu a kasuwannin Kwatano, ko in nemi aro tun daga nan.